An Ƙirga Ni Sau Uku

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Inna, ƙafar ta saki? Ki shafa min kan yara.

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Tsayuwa ce kawai, mu biyu ke jinyar gado arba'in.

Makon jiya ma'aikatar lafiya ta turo masu ƙirga ma'aikata. Har na yi murna, na ce za su ga ƙarancinmu. Ashe aron ma'aikatan juna asibitoci ke yi. Aka jera mu cikin farin kaya, suna fita aka zuba mu a mota, muka riga su isa asibiti na gaba. Sau uku aka ƙirga ni. A na ukun mai rubutun ya ce, "Kamar na san fuskar nan." Shugabarmu ta harare ni, na sunkuyar da kai.

Rahoto ya fito, wai mun wadata, ba za a ɗauki kowa ba. Hutun da na nema kuma an hana, babu mai canjina.

Inna ta yafe min, bana ma ba zan zo ba. Allah ya ba ta lafiya. Ki ce mata 'yarta mutum uku ce a takarda, amma an rasa ɗayar da za ta zo duba ta.

Ƙanwarki