Sunan da Auta ta Zaɓa

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta turo saƙo a zauren iyali na waya. Likita ya ce mace za ta haifa, saura mako bakwai. Ita da mijinta sun tsayar da suna: Tabawa. Na tsakiya suke neman shawara a kai, ta jero huɗu: Tabawa Hanan, Tabawa Amal, Tabawa Ilham, Tabawa Nawal. A ƙasa ta ƙara, "Mama, zaɓi naki ne, ko a cikin waɗannan ko wani."

Yayanta ya sa hoton zuciya. Matarsa ta ce Amal. Kowa da ra'ayinsa, sai ka ce labule ake zaɓa.

Tabawa! A wannan zamani.

"Ko wani" ɗin nan, na san abin da take nufi. Nawa sunan. To ba zan roƙa ba.

Talata, 4 ga Maris

Na yi musu saƙon murya, minti goma sha ɗaya. Na tuna musu shekara ashirin da shida na yi ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata a makaranta, kowace safiya ina kiran suna, na san abin da yara ke yi wa mai baƙon suna. Na ce haɗa Tabawa da Hanan kamar a sa wa tsohuwa takalmi mai tsini ne. Amal ya yi gajarta, ba zai rufe komai ba. Na ce wannan sunan masu wanke-wanke ne a gidajen mutane, ban taɓa sanin mai shi da ta zama wani abu ba. Tunda na fara, na haɗa da rigar da ta sa a hoton makon jiya. Mai ciki ba ta matse jiki haka.

Gaskiya na faɗa. Dukansu sun saurara, na ga alama. Babu wanda ya ce uffan.

Alhamis, 6 ga Maris

Shiru. Na goge tagogin falo, na sake gogewa.

Asabar, 8 ga Maris

Asabar Auta ke kirana, bayan la'asar. Na ajiye waya a kan tebur, na duba caji har sau uku. Ba ta kira ba.

Tun watan jiya ta ce in je in zauna da ita kafin haihuwa, rana kawai ba mu sa ba. Na riga na sauko da akwati. Bargon da na saƙa yana ciki, da 'yan safa.

Yaran yanzu a nemi shawararka, ka bayar, a yi fushi.

Lahadi, 9 ga Maris

Yayanta ya zo, shi kaɗai. Bai ko cire takalmi da kyau ba ya ce, "Mama, wai da gaske ba ki gane ba?"

Na ce me zan gane?

"Iya mai rainon Auta. Tabawa sunanta ne."

Na ce ba haka ba ne, sunanta Iya. Ya yi wata dariya marar daɗi, irin ta marigayi babansu.

"Haba Mama. Akwai jaririyar da aka haifa aka sa mata Iya? Shekara bakwai tana gidan nan."

Ya ce bayan aurenta Auta ta je neman matar, ta tarar ta rasu. Ba ta gaya mini ba. Ya ce da ta ji saƙona tana ofis, sai da ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa.

Na ce to ni na haife ta ko Iya? Ya shanye shayinsa, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya tafi. Ya bar mini burodi, kamar wata marar lafiya.

Litinin, 10 ga Maris

Ban yi laifi ba don ban san sunan mai aiki ba. Da Iya aka kawo mini ita, da Iya na kira ta. Ban taɓa hana ta abinci ba, ban taɓa zaginta ba.

Kuma dalilin sallamarta yana nan daram. Auta na da shekara tara tana fitsarin kwance. Na ce ta ɗauki zanen gadon da kanta ta shanya a barandar gaba, ba wanki, mutanen layi su gani, kunya ta gyara ta. Haka na yi wa 'yan makaranta da yawa kuma sun daina. Na dawo daga aiki na tarar an sauke, an wanke, an goge, an ninke. Na tambaya. Matar ta dube ni ta ce, "Uwar ɗaki, ni na sauke. Gobe ma idan an shanya zan sauke."

A gidana. Ran nan ta haɗa kayanta.

Tarbiyya ba ta yiwuwa da baki biyu. Har yau haka na gani.

Auta ba ta yi kuka a gabana ba. Na ɗauka ta fahimta ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Na yi tuntuɓe da akwatin a zaure. Ban ɗauke shi ba.

Talata, 18 ga Maris

Na shiga ƙaramin ɗakin bayan kicin neman kwan fitila. Nan Iya take kwana a da, yanzu tarkace ne. Da na janye tsohuwar katifa na ga zane-zanen fensir a jikin ƙyaure, layi kan layi, daga cinyata zuwa ƙirjina. Tsawon yaro ake aunawa. Babu kwanan wata, ba ta iya rubutu ba. Na ƙirga, ashirin da uku.

Ni da ke da ruwan biro da rajista, ban taɓa auna Auta ba.

Na rubuta wa Auta saƙo, na goge. Ya yi kama da wa'azi. Na biyu ma.

Asabar, 22 ga Maris

Ni na kira. Ba don komai ba, kwanaki na tafiya, dole in san ko zan je ko in kwashe kayana daga akwati.

Ta ɗauka a bugu na shida. "Ina wuni, Mama." Murya kamar ta ma'aikaciyar banki.

Na tambayi jiki. Lafiya. Ƙafa? Ta ɗan kumbura. Ina jin ƙarar fankarta. Ban san daga ina maganar ta fito ba, na ce, "Ita Tabawa, wace irin mace ce?"

Sai ta fara. Yadda take yi mata kitso tana ba ta labari don kada ta ji zafi. Yadda take tsoron kyanwa amma ta bar ta ta ɓoye ɗaya a ɗakinta wata biyu, ina cikin gidan ban sani ba. Tana dariya tana jan hanci. Minti arba'in.

Daga ƙarshe ta ce, "To na tsakiyan fa?"

Na ce Nawal. Ya fi zama a baki bayan Tabawa.

"Ba naki ba, Mama?"

Na ce nawa ya jira wata jikar.

Ta ce in taho ran Alhamis, mijinta zai tare ni a tasha.

A cikin labarin nata akwai abu uku da ba haka aka yi ba. Ban gyara mata ba.