Na Rina Likkafanin Surukata Na Yi Labule

Assalamu alaikum Anti da duk masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke min hukunci ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Gumel, maigidana direba ne, yana jigilar 'yan kasuwa zuwa Maigatari. Muna da ɗakin baƙi guda ɗaya da ya koma ɗakin shirgi. Sai aka ce mahaifiyarsa, Hajiya, za ta zo daga ƙauyensu na wajen Sule Tankarkar ta zauna da mu don ganin likita. Na ce wallahi ba za ta kwana cikin wannan tarkace ba, matar da tun zuwana gidan nan ba ta taɓa yi min kallon banza ba. Kuɗin mai fenti babu, sai na zage damtse da kaina. Na toshe ramukan bango da siminti, na shafa farar ƙasa sau biyu har hannuna ya tsattsage, na shimfiɗa leda, na kafa wani tsohon katako a bango don ajiye Alƙur'ani da carbi. Ɗaki ya fito tsaf, saura labule, ga shi abin da ya rage min bai kai kuɗin yadi ba.

A ɗakin akwai akwatin ƙarfe na Hajiya da aka kawo mana ajiya tun daminar da rufin ɗakinta ya rufta. Ina jan sa zan share ƙarƙashi, kwaɗon ya ɓalle, dama tsatsa ta cinye shi. Me ya kai ni buɗewa? Farin yadi na gani a naɗe cikin leda, sabo dal, yana ƙanshin turare. Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta raya min wani abu amma na danne, na ce ai ragowar yadi ne, kuma ai don ita zan yi. Na sayo shuɗin rini na rina shi a baho, na yanka, na hau kekena na ɗinka labulen taga da na ƙofa, ragowar na yi rigar filo biyu.

Ranar da ta iso ta tsaya bakin ƙofa tana kallo, ta ce, “'Yar nan, ke kika yi duk wannan?” Na ce eh Hajiya. Ta shafa labulen ta ce, “Allah ya ba ki masu yi miki.” Ni kuwa sai washe baki nake.

Bayan sati uku jikinta ya yi tsanani. Mun dawo daga asibiti da la'asar ta kira ni, ta ce in turo ƙofa. Ta nuna akwatin ta ce, “Likkafanina na ciki. Shekarar da na sayar da shanuna na je Makka na saye shi, da hannuna na wanke shi da zamzam, na shanya a can. Ko 'ya'yan cikina ban faɗa wa ba. Ke za ki yi min wanka, ke za ki ɗauko shi, don na ga kina da amana.” Tana maganar nan kanta na kan filon da na yi wa riga da shi. Kafin in fita, abin da kawai na iya cewa shi ne, “Allah ya ja kwana, Hajiya.”

Tun ranar abinci ba ya shiga cikina. Duk shigar da zan yi ɗakin sai na ɗaga labulen nan da hannuna, ta kuma sa min albarka. Wace irin amana ce da ni? Ƙawata ɗaya da na faɗa wa ta ce in sayi wani farin yadi a kasuwa, in roƙi zamzam wajen alhazan bana in yayyafa, in mayar cikin akwati, wa zai sani? To ni fa na sani. In yaudari tsohuwa a kan abin da za ta shiga kabari da shi? In kuma na faɗa mata, likita ya ce jininta ya hau, a guji ɓata mata rai. Maigidana kuwa a kan uwarsa ba ya ji ba ya gani, ban san da wane baki zan fara ba. Rini ba ya fita, na gwada a ƙyalle, kuma yankakke ba ya komawa.

Jiya ta ce ranar Juma'a in ta ji ƙarfi in fito mata da shi ta gani, ya sha iska kada asu ya ci. Yau Laraba ce. Jama'a, don Allah, me zan yi?