Maraƙin da Kika Manta

Limawa, Dutse.

Zuwa ga ƙanwata Khaulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan ƙalau muke. Baffa ya warke daga ciwon ƙafar nan, har yana shirin komawa Aujara wajen shanunsa.

Littafinki na huɗu ya iso, 'yan matan sakandare sai rububinsa suke yi. Raihanata ta karanta shi sau uku. Jiya ina kwasar tuwo na ji tana gaya wa ƙawayenta wai a danginmu ke kaɗai Allah ya ba basira. Ba zan ɓoye miki ba, ƙyashi ya cika mini ciki. Labarin yarinyar nan da ta bi shanu mashekari, can wajen kiwo, saboda mahaifinta ba shi da ɗa namiji, wa ya fara rubuta shi a littafin makaranta, ƙawaye suna layin aro? Ke lokacin kina aji ɗaya, aikinki kai shi aji-aji. Ni aikin asibiti ya cinye ni, ke kika riƙe biro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Sai dai kin yi tuntuɓe a shafi na talatin. Kin sa yarinyar ta zauna ta tatsi saniya ba a saki maraƙi ya fara tsotsa ba. Da Raihana ta karanta wa Baffa wurin, dariya ya yi, ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe ƙwaryar tatsa ba. Na taya shi dariyar fiye da kima, Allah ya yafe mini.

Yanzu Raihana ta nace sai ta zo wurinki hutu ta koyi rubutu, wai a gidanmu babu mai koya mata. Wannan ce ta fi yi mini ciwo. Zan turo ta, ba zan tare mata hanya ba. Roƙona ɗaya ne: ki gaya mata da bakinki inda kika samo labarin. In ni na faɗa, cewa za ta yi hassada ce.

Ki gaida Malam Nasrullahi da su Zaituna. Inna Gaji tana gaishe ki. A bugu na gaba kuma, don Allah ki saki maraƙin nan.

Taki har kullum,
Yayarki Huseina