Ku Sanar da Mu Kafin Ku Gwada Manyan Bindigogi

Zuwa ga Kwamandan sansanin da ke bayan unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, kai da jami'anka. Ni tela ce a Ajilari, kuma ina jinyar mahaifiyata mai hawan jini da ciwon ƙoda. Saboda ita na ɗauki biro.

Na ɗaya: ranar Talata da hantsi kuka gwada manyan bindigogi ba sanarwa. Ina Kasuwar Litinin, babbar kasuwar garin da ke ci kullum, wurin sayen yadi, na zubar da cinikin na tari keke. Na tarar da tsohuwa a bakin ƙofa rungume da ƙunshin kayanta, irin riƙon da ta yi masa ranar da muka gudo daga ƙauye. Garin na tafasa da zafi, amma yatsunta sun yi sanyi ƙalau. Yinin nan da ƙyar ta yi fitsari.

Na biyu: likita ya yi mini bayani dalla-dalla. Idan mutum ya firgita, jiki yana sakin wani sinadari mai matse hanyoyin jini. Sai jinin ya karkata zuwa zuciya da ƙafafu don a gudu, ƙoda da hanji da fata su samu kaɗan. Mai lafiya yakan warware. Ƙodarta kuwa da ma ta gaji, kuma ya ce kowace razana tana ƙara mata rauni.

Na uku: sanarwarku takan fito a rediyo bayan an gama harbi, cewa jama'a su kwantar da hankali. Ranka ya daɗe, wane hankali ya rage a lokacin? Duk ƙarar da aka ji nakan ce mata gwaji ne, ko na sani ko ban sani ba. Yanzu ta daina yarda da ni, kuma wannan yana ci mini rai.

Ban ce ku daina gwaji ba, mun san abin da kuke tsare mu daga gare shi. Roƙona ku gaya wa bulama, mai unguwarmu, tun da sauran yini guda, a faɗa a masallatai da Hausa da Kanuri. Yinin nan ya ishe ni in kai ta gidan yayata can unguwar Shehuri. Ta tsira daga masu harbin gaske, ina tsoron gwaji ya raba ni da ita.

Allah ya tsare ku, ya mayar da ku ga iyayenku lafiya.

Wassalam.

Wata tela daga Ajilari, Maiduguri