Ƙorafi Kan Robar Taya da Anka Sa wa Motar Marayu

Zayyanu Lawwali,
Kagara, Ƙaramar Hukumar Goronyo.
Litinin, 24 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Makanikai,
Reshen Goronyo.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: AIKIN DA MALAM HALLIRU BAKANIKE YA YI WA MOTA ƘIRAR GOLF TA MARAYUN MARIGAYI JA'AFAR LAWWALI, DA SHAIDAR DA YA BAYAR A KAINA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukana a kan ɗan ƙungiyarku mai gareji a bakin hanyar Wurno. Ni manomin albasa ne. Tuƙi ya same ni da tsufa, lokacin da yayana Ja'afar ya rasu ya bar ɗiya biyar da tsohuwar mota guda. Dangi sunka damƙa mini ita amana, ina jigilar albasa da fasinja tsakanin Goronyo, Wurno da Rabah, abin da anka samu a kai wa uwar yaran, Habi. Ga yadda al'amarin ya gudana:

1. Ranar Litinin, 13 ga Janairu, na kai motar wurin Malam Halliru saboda tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, in an sa giya kuma sai a ji wani abu ya daki ƙasanta. Ya duba, ya ce sit ɗin inji da na giya, wato robobin da ke riƙe da su a jikin mota, sun mutu. Ya rubuta mini abin da zan sayo. Na tafi Sakkwato da ƙafata na sayo 'yan Beljiyam, wato na hannu masu kyau daga Turai, guda uku.

2. Ya kamata Mai Girma ya san wani aibi nawa. A gidanmu kowane buhun albasa muna yi mishi ɗigo uku da koren fenti, alamar mahaifinmu, don kada ya ɓace a kasuwa. Ni abin ya zame mini ciwo. Butata tana da ɗigo uku, takalmina na masallaci haka. Mai ɗakina Mairo ta ce ita kaɗai ta tsira, ita ma don ba ta tsayawa wuri guda ne. To, kafin in miƙa kayan nan uku, na ɗiga musu. Ba don zargi ba. Hannuna ne ya saba.

3. Ranar Laraba, 15 ga wata, ya ce aiki ya kammala. Ya miƙo mini tsofaffin da ya cire a cikin leda, kamar yadda ƙa'idar sana'arku ta tanada. Ban leƙa ƙarƙashin mota ba. Mi zan leƙa? Shekara talatin da ɗaya muna cin tuwo a akushi guda da mutumin nan. Na tsaya a gaban jama'ar garejin ina yabon hannunsa, har na ƙara mishi da kwandon albasa.

4. Ranar Alhamis, 6 ga Fabrairu, ina dawowa daga Rabah da lodi, inji ya zame daga mazauninsa, sitiyari ya ƙwace mini, mota ta daki kwalbati. Allah ya tsare rayuka. Gaban motar ya lotse, lagireto ya fashe, ƙafar dama ta lanƙwashe. Anka jawo ta zuwa garejin Malam Halliru, don ni na ce ba wanda zai taɓa ta sai shi.

5. Zaharaddeen, ƙanin Habi, ya zo ya tambaye shi musabbabin hatsarin a gabana. Malam Halliru ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa nan, ya girgiza can, sannan ya ce aikinsa lafiya lau yake. Wai irin lanƙwasar nan gudu ne ke kawo ta, kuma Zayyanu ya fara manyanta, ido ya rage. Ya faɗi haka yana dafe da kafaɗata, cikin tausayi. Ranka ya daɗe, na yarda da shi. Na je gidan Habi na durƙusa na ba ta haƙuri a gaban ɗiyanta. Har asibiti na tafi anka auna mini ido, sunka ce ba abin da ya same shi, na dawo ina zargin likita da rashin sanin aiki.

6. Ranar Alhamis, 20 ga Fabrairu, ina tashar Wurno a matsayin fasinja, motar wani bawan Allah mai suna Ƙasimu, mutumin Tursa, ita ma Golf, ta ɗauki zafi. Ya buɗe bonet, na matsa in zuba mishi ruwan butata. Ina sunkuyawa sai na ga ɗigon mahaifina uku, kore shar, a gindin injinsa, butata a hannuna da irinsu. Na tambaye shi wa ya yi mishi aiki. Ya ce Halliru na Goronyo, a tsakiyar Janairu, kuma hannunsa akwai albarka. Na ce lalle akwai.

7. Washegari na je garejin kamar mai gaishe da mota. Na zura hannu inda ya dace sabon sit ya kasance. Abin da na taɓa guntun tsohuwar taya ne, an yanka, an huda, an ɗaure da noti, an shafe da baƙin mai. Zanen tayar yana nan, yatsana ya bi shi. Ya kawo mini shayi, na sha.

Mai Girma, dangi sun sa ranar Juma'a, 28 ga Fabrairu, kafin shigowar azumi, don karɓe motar daga hannuna a ba wani. Ba motar nike kuka ba. Ta girmi wasu matan aure, kuma ba tawa ba ce. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne ɗiyan ɗan'uwana su girma da labarin cewa baffansu ya yi ganganci da abincinsu.

Saboda haka nike roƙo, cikin ladabi:

Na farko, a turo dattawan makanikai biyu su duba motar inda take kafin Juma'a, ba tare da an sanar da mai garejin ba, don wanda ya iya sa roba ya iya cire ta.

Na biyu, a gayyato Ƙasimu da motarsa. Shi ba shi da laifi, kuma ya amince zai zo. Zan kawo butata a gwada.

Na uku, a sa Malam Halliru ya je gidan Habi, ya tsaya inda na durƙusa, ya faɗi abin da ya jefa motar a kwalbati.

Ban nemi a rufe garejinsa ba, shi ma yana da masu ci a hannunsa. Sauran hukunci na bar wa ƙungiya. Abu guda ne na san ya fi ƙarfin ofishinku: ɗana na fari sunansa Halliru, ni na raɗa mishi saboda wanga mutum, kuma kullum safiya sai na kira shi.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,

Zayyanu Lawwali, Kagara.
(Sa hannu, da ɗigo uku)