Littafinku ya raba Hauwa da kakanta

Zuwa ga shugaban ƙungiyar da ta raba wa yara littattafai a ƙauyukan Batsari lokacin korona,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ina aiki, ya iyali? Ni manomi ne a Wagini, kuma wallahi ban san ko godiya na zo yi ko ƙara ba.

Na ɗaya, ma'aikatanku sun zo a kan babur da sabulu da takunkumi, suka ba ɗiyata Hauwa littafi mai hotuna. A ciki wata yarinya ta daina zuwa kusa da kakanta don kada ta sa masa ciwo ya mutu. Hauwa ta haddace shi kaf, har na riƙa alfahari.

Na biyu, ba ku tambayi yadda muke zaune ba. Mahaifina ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Matata yake ce wa Hauwa, irin wasan kaka da jika, ƙwarya ɗaya suke shan fura, ita ke riƙe masa sanda zuwa masallaci. Tun ranar da aka ba ta littafin ta janye. Daga bakin zaure take gaishe shi, in ya miƙo hannu sai ta ruga tana kuka.

Na uku, nan kaina ya ɗaure. An buɗe kasuwa, an koma makaranta, kowa na musabaha. Na lallashe ta, na yi faɗa, malaminsu ma ya yi magana. Ta ce littafi bai ce an gama ba. To, ni da na ce mata abin da ke rubuce gaskiya ne, yanzu in ce ƙarya ne? In ƙona shi? Haba, ranka ya daɗe! Ashe akwai wanda ke sanar da farkon annoba, babu mai sanar da ƙarshenta?

Roƙona, ku aiko da wani littafin, mai ɗauke da yarinyar littafin farko dai, a nuna ta koma kusa da kakanta. Ku hanzarta. Tsohon ya rage cin abinci, shekaranjiya ya kira ni gefe yana roƙona in faɗa masa gaskiya, wai wane ciwo ke gare shi da muke ɓoye masa.

Allah ya yi maka jagora, ya raya naka zuriyar kusa da kakanninsu.

Wassalam.
Baban Hauwa, Wagini.