Inna Ta Sauya Addu'a

Fagam, Gwaram.

Zuwa ga ƙanena Yunusa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Rifkatu da yara, Allah ya ƙara muku ƙarfin jure sanyin Ingila. Mu nan an gama girbi, dawa ta yi, gero kuwa sai godiya. Jikin Inna ne babu daɗi. Mun dawo da ita daga asibiti a Birnin Kudu, likita ya ce mu riƙa ba ta duk abin da ranta yake so. Kai ma'aikacin jinya ne, ba sai na fassara maka ba.

Ka san tun muna yara Inna ba ta tashi daga durƙuso sai ta yi wa majami'ar nan ta Ingila addu'a, wadda ta aiko Baturiyar da ta yi mata maganin kuturta. Roƙonta bai taɓa sauyawa ba: Allah ya ƙara musu yawa, su ƙaro mana masu bishara. Sai ga hoton da ka turo mini a waya, majami'ar ta zama kantin sayar da kafet. Na daɗe ina karanta cewa majami'un Turai suna ta rufewa, har ina ba mutane labari a bakin kasuwa kamar wani shehin malami, amma ban taɓa kawowa har da tamu ba.

Fasto Sabo ya ce in ja bakina, a bar tsohuwa ta tafi da hankalinta kwance. Ni kuwa, da yake karatu ya yi mini yawa, na ce bai kamata mutum ya yi ta roƙo a kan abin da bai san halin da yake ciki ba. Na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ina jikokin mutanen suke sujada yanzu. Na ce yawancinsu ba sa zuwa ko'ina, inda kake zuwa ma ’yan Najeriya da ’yan Ghana ne suka cika kujerun. Ranar ko kunu ba ta sha ba.

Washegari addu'a ta sauya. Yanzu sunanka take kira, tana roƙon Allah ya zaunar da kai can, ya buɗe bakinka ga mutanen nan. Na tuna mata cewa tsofaffi kake jinya, ba wa'azi ka je yi ba. Ta ce Baturiyar ma da allura ta zo. Ta sa ni in rubuta maka kada ka zo Kirsimeti, kada ka bar su ko na kwana ɗaya.

Na isar da saƙonta. Ga nawa: ba na jin za ta kai Kirsimetin. Turawan nan za su iya jiranka mako biyu, Inna ba za ta iya ba. Ka zo yanzu, ni zan sha faɗan.

Mutanen gida, su Hannatu da Salihu, suna gaishe ku, haka ma maƙwabcinmu Malam Abdulbaqi, wanda kullum yake leƙowa ya duba ta. Ka gaida Rifkatu. Ina jiran jin ranar da za ka sauka Kano.

Naka yaya,
Isma'ila